Muryar Iya Tana Cikin Kwamfuta

Maigatari, Litinin, 11 ga Agusta

Zuwa ga Tayyiba, jikar yayana, a Maleshiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Jamaluddeen da 'yar ƙaramarku Zakiyya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ke riga rediyo sanar da hadari. Goggo Safiya tana gaishe ki. Damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai.

Akwai wata magana da na taɓa ji shekarun baya daga bakin Ilu, makiyayin nan na wajen Sule Tankarkar. Wai a nan bakin iyaka wayar mutum takan tsallaka Nijar ta bar mai ita zaune a Najeriya. Na ce masa, "Ilu, shanunka ne ke tsallakawa, ka daina ɗora wa waya." Ban yarda ba a lokacin, har yau ma ban yarda ba. Na kawo miki ita ne don ki san ni ba mai saurin ɗora wa na'ura laifi ba ne. Saboda haka in na ce miki kwamfutar da kika bar mini ta haukace, to ta haukace.

Ga yadda aka yi. Wani rubutu ya riƙa fitowa a allonta, wai akwai sabon tsari, in yarda a zuba. Ranar farko na ce a'a. Rana ta biyu na ce sai an jima. Rana ta uku na ji kunya. Mutum ya yi maka sallama har sau uku, ai ko kai wane ne ka ce masa bismilla. Na danna, ranar Talatar da ta wuce ke nan. Ta yi ta juya wasu 'yan ɗigo tun hantsi har la'asar. Da ta farka sai na tarar komai ya canja wuri, kamar an gyara maka ɗaki ba ka nan.

Tun daga ranar, sai ta ɗan yi aiki, allon ya rikiɗe shuɗi da wata fuska a kwance ta ɓata rai, ta mutu, ta tashi da kanta. Waifai ɗin da take sha daga wayata kuwa ya zama kazar maƙwabta, ya shigo ya fita ba sallama.

Ba kwamfutar ce damuwata ba, Tayyiba. Kin san abin da ke cikinta. Tatsuniyoyin Iya mahaifiyata ne guda arba'in da uku, da muryarta, waɗanda na ɗauka a shekararta ta ƙarshe bayan kin nuna mini inda ake dannawa. Babu su a ko'ina a duniya sai nan. Kada kuma ki ce in zuba a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka mata. Ƙofofin filas ɗin biyu ne, ɗaya ta mutu tun bara, ɗayar zanzaro ya yi gini a ciki har da yaɓe.

Na rubuta wannan da biro na ɗauki hotonta, don kunnena ba ya jituwa da waya, agogonmu da naku ma ba sa haɗuwa. Ke ma ki rubuto da hannu, ki jera da lamba, ɗaya, biyu, uku, yadda nake yi wa 'yan aji huɗu a Gagarawa.

Kakanki,
Malam Haladu

*

Kuala Lumpur, Talata, 12 ga Agusta

Kaka Malam, tsoho mai ran ƙarfe,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Zakiyya ta yi mura ta warke. A gaishe mini da Goggo.

Kaka, kai kaɗai ne a duniya ka taɓa jin kunyar kwamfuta. Jamaluddeen ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Amma kwantar da hankalinka, ciwon sananne ne. A cikinta akwai wani ɗan ƙarfe mai kama waifai, shi kuma yana da 'yar manhajar da ke yi masa tafinta tsakaninsa da tsarin kwamfutar. To tsari ya zo sabo, tafintar tsohuwa ce, ba ta jin abin da yake cewa. In suka yi karo sai waifai ya yanke, in karon ya yi tsanani sai allo ya yi shuɗi. Ga abin yi:

Ɗaya. In shuɗin ya sake zuwa, akwai ƙaramin rubutu a ƙasansa. Ka ɗauko mini hotonsa.

Biyu. A kan me kake ɗora ta? Na san gidanmu. In katifa ce ko buzu, ka ɗauke ta. Ta ƙasa take numfashi, sabon tsarin nan kuma yana sa ta aiki fiye da dā, zafi kaɗai ya isa ya kashe ta. Ka sa ta inda iska ke ratsawa.

Uku, kuma shi ne babba. Na buɗe maka ma'ajiya a intanet da adireshinka, ni ma ina iya gani daga nan. A gefen hagu na allo za ka ga alamar gajimare. Ka kamo jakar nan mai suna Iya, ka ja ta, ka saka a cikin gajimaren. Idan suka hau can, ko kwamfutar ta faɗa rijiya, muryar Iya tana nan daram.

*

Maigatari, Talata, 19 ga Agusta

Tayyiba 'yar birni,

Sallama da fatan alheri. Muna lafiya. An yi ruwa ranar Asabar har katangar Malam Habibullah ta zauna, amma ba wanda ya ji ciwo sai wata agwagwa da ta tsorata.

Na ga takardarki. Ta ƙare ba sa hannu ba sai wata rana, na ce wa Goggonki haka yaran zamani ke rufe wasiƙa, kamar mai fita daga ɗaki ta taga.

Batun hoton shuɗin allo, na gwada. Kafin in laluba tabarau in ɗaga waya, ya ɓace. Hoto uku na samu, duka na babban yatsana ne.

Batun buzu kuwa, kin canka. Ba buzu kaɗai ba ma. Goggonki ta ɗinka mata riga da ƙyallen atamfa, tana shimfiɗa mata buzu ninki biyu, ta ce ba za a ajiye surukarta a ƙasa ba. Da ƙyar na karɓe ta. Da kika ce inda iska ke ratsawa, na zauna na yi tunani, duk gidan nan babu inda ya kai gindin aduwar da ke kan tudu a bayan gida, ta arewa, wajen gonaki. Can na kai ta, na kife mata turmi na ɗora ta a kai. Iska kam har ta yi yawa, sai na danne takardu da dutse. Mutuwar ta ɗan ragu, amma waifai ya ƙara lalacewa.

Na ja jakar Iya na saka a gajimare kamar yadda kika ce. Sau biyu tana mutuwa a hanya. A na uku sai ga sunayen duka sun jeru, na bi da yatsa na ƙirga, arba'in da uku cif. Na yi hamdala, Goggonki ta yi guɗa a hankali don kada maƙwabta su zaci haihuwa aka yi.

Tunda Iya ta hau, hankalina ya kwanta. Sha'aibu direba, mai jigila tsakanin nan da Gumel, ya ce akwai wani Barau a bakin tasha, ya iya wannan aiki. Goge komai yake yi tas ya zuba sabo, kwamfuta ta dawo kamar yau aka ɓare ta. Gobe Laraba da safe zan ba shi ya kai masa. Kin huta da tsoho.

Shi ma Sha'aibun, da na ba shi labarin waifai, sai ya kawo mini zancen Ilu, wai wayarsa ma takan ƙetare. Na ce masa kai da Ilu rijiya ɗaya kuke sha.

Kakanki,
Malam Haladu

*

Kuala Lumpur, Laraba, 20 ga Agusta

Kaka,

Ina gaisuwa, lafiyarmu ƙalau, amma don Allah KADA A GOGE KOMAI.

Wasiƙata shafi biyu ce. Na duba yanzu, na biyun bai sauka a wayarka ba, shi ya sa ba ka ga sa hannu ba. Ga abin da ke farkonsa: sunaye su ne ke fara jeruwa, muryar tana biyo baya a hankali. Kamar rajistar aji ce, Kaka, sunan yaro a takarda ba shi ne ya shigo aji ba. Sai ka ga koren maki a gefen kowane suna sannan ya hau. Daga nan guda uku kawai nake gani. Arba'in suna cikin kwamfutar, in Barau ya goge sun tafi.

A shafin kuma na ce ana iya komawa tsohon tsari cikin kwana goma. Wannan ya wuce, a bar shi.

Na kira ka sau goma sha ɗaya, ba ta shiga. Ta Goggo a kashe, na san tana cikin kwalla. Ba ni da lambar Sha'aibu. Na kasa cin abinci. Duk inda wannan ta same ka, ka tashi.

Tayyiba

*

Maigatari, Asabar, 23 ga Agusta

Tayyiba,

Sallama. Ki ci abinci tukuna sannan ki karanta. Muna lafiya, Iya ma tana lafiya, in ana faɗin haka ga wanda ya riga mu. Zan ba ki labarin a jere, kada ki tsallake zuwa ƙarshe.

Ranar Laraba na ba Sha'aibu kwamfutar a cikin rigarta ta atamfa, na koma gindin aduwa na wuni ina jin daɗin kaina. Takardarki ba ta same ni ba sai ranar Alhamis da hantsi, ina tsakiyar kasuwa, a kara wajen shanu, ina taya Ilu kallon wani bajimi da ba shi da niyyar saya. Wayar ta yi ta ƙugi a aljihu, saƙonni suka zubo gaba ɗaya. Na karanta a tsaye. Ilu ya ce fuskata ta koma kamar wadda nake ba shi labari a allon.

Gwiwar da ta hana ni tsugunno shekara uku, ranar ita ta hau acaɓa ba taimako. A tasha na samu mota saura mutum ɗaya, na zama shi. Tafiyar Gumel ba ta da nisa, amma ranar sai da na ga kowace bishiya a hanya ta tsaya gaishe ni. Ina ta lissafin kwana ɗaya da wuni, mai gogewa kuwa aka ce ba ya ɓata lokaci.

Da na iso shagon Barau sai na ga mutane a ƙofa, mai keke-napep ya kashe inji, mai shayi da ludayinsa a hannu, wasu a tsugune. Na ce shi ke nan, wani abu ya faru. Ina matsowa sai na ji ta. Muryar Iya, Tayyiba, a bakin tashar Gumel, tana ba da labarin makiyayin da ya bi saniyarsa cikin tulu. Na zauna a kan wani tsohon batir.

Tana kaiwa inda makiyayin ya ji ana kiran sunansa daga ƙasan tulun, allo ya yi shuɗi. Gaba ɗaya wurin aka ce "Kash!" Mai keke-napep ya buga cinya ya ce, "Wallahi karo na huɗu ke nan, kullum a nan take yankewa!"

Na ce, "Wane ne Barau?"

Wani mai ɗan gemu ya ce, "Ni ne, Baba."

"Ka goge?"

"Baba, ni ba na goge kayan mutum sai na leƙa na ga abin da ke ciki. Jiya na buɗe guda ɗaya don in ji ko wa'azi ne. To ga shi tun jiya ban yi aikin kowa ba. Kai ne mai ita?"

"Uwata ce."

Sai mai shayi ya ce, "To Alhaji, tunda kai ne ɗanta, wa ke kiransa a cikin tulun?"

Na ce, "A gyara kwamfuta, ta faɗa muku da bakinta. Ni ba na shiga gabanta tana raye, ba zan fara yau ba."

Ban taɓa ganin an yi gyara da 'yan kallo masu zuga irin na ranar ba. Na nuna wa Barau takardunki, ya karanta ya ce wannan jikar taka ta san aiki. Shi ya iya kama ƙaramin rubutun shuɗin allon, ya ce lalle tafintar nan ce da kika faɗa. Ya jona wata igiyar intanet, ya sauko da sabuwa ya zuba. Ya kuma shiga wani lungu ya nuna mini inda sabon tsarin ya ba kansa izinin kashe ɗan ƙarfen waifai wai don tattalin batir, ya cire masa izinin. Ya hure ƙurar fankarta. Gidan zanzaro ma ya rushe shi da tsinke, amma ya ce haƙoran ciki sun karye, ƙofar ba za ta ƙara aiki ba. Sannan aka saki Iya ta kai labarinta ƙarshe. Ba zan faɗa miki wa ke cikin tulun ba, ki jira naki.

A shagon, koren maki ya yi ta fitowa har muka kai ashirin. La'asar ta yi sanyi, motar ƙarshe za ta tashi. Barau ya ce in bar ta ta kwana a ƙarasa. Na ce ta kwana a waje sau ɗaya, ya isa. Sai ya kara kunnena a jikinta, na ji wani ƙas-ƙas a ciki. Ya ce ma'ajiyarta ce ta tsufa, tana iya kai shekara, tana iya tsayawa gobe, kada in yi wasa da sauran ashirin da ukun.

To ga inda muke. Shuɗin allo ya tafi, ko sau ɗaya bai dawo ba. Kwamfuta da waya suna riƙe da juna gam. Amma tun da na dawo da ita gindin aduwa, guda ɗaya tak ta ƙaru, sai dai ta yi ta juyi. Ƙas-ƙas ɗin nan kuwa yanzu ina jin sa ko ban kara kunne ba. Na ari wayar Goggonki daga cikin kwalla na ɗauko miki hoton su biyun a kan turmi, ki gani da idonki.

Kakanki,
Malam Haladu

*

Kuala Lumpur, Lahadi, 24 ga Agusta

Kaka Malam,

Alhamdu lillahi. Na ci abinci har na ƙara. Muna lafiya. Ka gaishe mini da Barau, Allah ya yi masa albarka, da mai shayin ma.

Wannan shafi ɗaya ne, ka duba sa hannuna a ƙasa kafin ka motsa.

Na buɗa hoton da ka turo har ya cika allo. Kaka, ka sa tabarau ka dubi saman wayarka. Sunan da ke wurin ba na kamfanin layinka ba ne, ba ma na Najeriya ba ne. A kan tudun nan sabis ɗin Nijar ya fi na gida ƙarfi, sai wayarka ta sake na gida ta kama shi, kai kuma ba ka da data a can. Kwamfutar tana riƙe da wayar, amma wayar ba ta kawo mata komai. Shi ya hana shafina na biyu sauka, shi ya hana kirana shiga.

Ni na ce inda iska ke ratsawa, tebur nake nufi kusa da taga. Ban ce ka kai ta bakin iyaka ba!

Ɗaya. Ka dawo da ita zaure, ta kudu, a kan tebur.

Biyu. A saitin wayar, wajen zaɓen layi, ka cire "da kanta" ka zaɓi naka da hannu.

Uku. Ka je ka ba Ilu haƙuri.

Jikarka,
Tayyiba

*

Maigatari, Juma'a, 29 ga Agusta

Tayyiba,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gwiwa ta tuna abin da na yi mata ranar kasuwa, tana karɓar hakkinta a hankali. Goggonki ta ce a gaya miki ta yarda da tebur, amma da sharaɗin a shimfiɗa ƙyalle a ƙarƙashin ƙafafun teburin. Na ga wannan ba zai hana kowa numfashi ba, na bar ta.

Na sa tabarau na duba, haka ne. Na kuma buɗe wasu saƙonni da suka taru mini tun da na fara zama a gindin aduwa, waɗanda na ƙi kulawa don ba na jin yaren. Na kai wa wani mai sayar da dabino daga Damagaram ya karanta mini. Ya ce barka da zuwa ake yi mini, har sau goma sha tara. Ashe mako biyu ina zuwa ƙasar waje a kan tabarmata, ko tsaraba ban kawo wa kowa ba.

Na dawo zaure, na zaɓi layi da hannu. Kwana uku aka yi ana hawa, ni ina zaune kusa ina jin ƙas-ƙas ina addu'a. Jiya kafin azahar koren maki na ƙarshe ya fito. Na ƙirga sau biyu, makin na ƙirga ba sunaye ba. Arba'in da uku. Ki duba ta wajenki ki tabbatar mini, don na daina yarda da kaina a wannan fanni. In sun cika, ki zaunar da Zakiyya ki fara mata da na tulun. Ki ce mata wannan ce ta goyi kakan uwarta, ta kuma goye ni.

Ilu na same shi a kara na ba shi haƙuri a gaban mutane. Ya gyara sandarsa a kafaɗa ya dubi sama, ya fi minti guda yana jin daɗi.

A gaida Jamaluddeen. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da ku lafiya.

Kakanki,
Malam Haladu

Saura abu ɗaya, ga ɗan wuri a ƙasan takardar. Yayin da suke hawa, ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya ina saurare, don rabona da wasu tun ranar da na ɗauka. A na talatin da takwas, Iya tana tsakiyar labari sai ta tsaya ta sha ruwa, kina jin ƙarar kwanon. Sai ta ce, "Haladu, wai Ilu ya ce wayarsa takan tafi Nijar ta bar shi?" Sai ga muryata, da ƙarfinta, ina cewa, "Ƙarya yake yi, Iya." Ta ce, "Mu da muke ɗebo ruwa a can mu dafa tuwo a nan, kaji ma suna tsallakawa, waya ce za ta tsaya neman takarda? Kai dai ka cika gardama tun kana goye." Ta ci gaba da labarinta.

Na mayar baya na sake ji har sau uku, Goggonki tana tsaye a ƙofar zaure tana dariya tana share ido da bakin mayafi. To kin ji. Ilu ne ya fara gaya mini, sai Sha'aibu, sai ke da hotonki. Amma wadda ta gaya mini a ƙarshe, jiya da hantsi, shekara shida bayan mun kai ta makwancinta, Iya ce.